Daga Kasko zuwa Ƙwan Lantarki: Tarihin Fitila da Sunayenta a Gidan Bahaushe

1. Gabatarwa

Fitila tana cikin ƙananan kayan gida waɗanda masu rubuta tarihi ba su cika waiwaya ba, alhali kuwa ita ce take ƙayyade wa mutum tsawon yininsa. A ƙasar Hausa rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 zuwa ƙarfe 7 na maraice, rani da damina, saboda haka duk aikin da ya rage bayan magariba, ko karatu ne, ko kaɗi, ko ɗinki, ko ciniki, yana rataye ne a kan irin hasken da gida yake da ikon saye. Hausawa sukan ce dare mahutar bawa. Amma almajiri da mai kaɗin zare da mai sayar da tuwo a bakin kasuwa ba su taɓa samun wannan hutu cikakke ba.

Wannan maƙala ta bi sawun fitilar gida tun daga kaskon mai har zuwa ƙwan lantarki da fitilar hasken rana. An duba irin fitilar da aka yi amfani da ita a kowane zamani, da wurin da aka ba ta a cikin ɗaki, da kuma sunan da harshe ya raɗa mata. Batun suna shi ne ya fi shafar masu nazarin harshe da masu tsara yaƙi da jahilci, domin kalmomin haske sun adana hanyar da kayan suka biyo kafin su iso kasuwannin Maraɗi da Damagaram da Tawa.

2. Haske kafin zuwan kananzir

Hasken da kowa yake da shi kyauta shi ne farin wata. Da shi ake wasan dandali, da shi ake hira a ƙofar gida, kuma mata sukan jinkirta waɗansu ayyukan tsakar gida zuwa dararen da wata ya cika. Bayansa sai wutar kara da itace. A makarantun allo almajirai ne suke fita su roro kara, a hura babbar wuta bayan magariba da kuma kafin asuba, su kewaye ta kowa da allonsa. Rubutun allo manya-manya ne, tawadarsa baƙa a bisa farin itace, don haka ana iya karanta shi da wannan haske mai rawa. Har yanzu akwai tsangayun da suke bisa wannan tsari.

A cikin ɗaki kuwa, fitilar asali ɗan kasko ne na yumɓu wanda maginan tukwane suke yi, da ɗan baki a gefe guda. Akan zuba mai a ciki, a murza auduga ko tsumma a kwantar da shi a cikin man, a bar kansa ya leƙo ta bakin kaskon, sa'an nan a kunna da wutar murhu ko wadda aka yi da ƙyastu. Maƙera suna ƙera irinta ta baƙin ƙarfe mai doguwar ƙafa, wadda ake kafawa a ƙasa, sarakuna da attajirai kuma sukan mallaki ta tagulla, irin aikin da maƙeran Bida suka shahara a kansa.

Wahalar wannan fitila tana wajen mai. Itacen kaɗanya ba ya yi a ƙasar Nijar sai can kudu, wajen Gaya, saboda haka mutanen Adar da Gobir da Damagaram sai dai fatake su kawo musu man kaɗanya, ko kuwa su ƙona man shanu. Gyaɗa baƙuwa ce, asalinta Amurka ta Kudu, kuma ba ta shigo Afirka ta Yamma ba sai bayan zuwan jiragen Fotugal, daga ƙarni na 16. Da nomanta ya yaɗu, man da mata suke matsewa wajen yin ƙuliƙuli ya zama man fitila na yau da kullum. To, duk waɗannan abinci ne. Fitila da tukunyar miya daga kwalba guda suke sha, shi ya sa uwargida ba ta barin fitila tana ci sai da dalili, kuma hasken da take samu bai wuce na kyandir guda ba.

Magina sun tanadar wa wannan ƙaramar wuta mazauninta, watau alkuki, ɗan ramin da ake bari a jikin bangon laka. Alkuki yana kare harshen wuta daga iska, yana nisanta shi daga tabarma da tufafi da hannun yara, kuma idan an shafe cikinsa da farar ƙasa yakan mayar da haske cikin ɗaki. A gidan da rufinsa jinka ne, shingensa kuma dangar kara, wannan kariya ba ƙaramin abu ba ce, musamman a watannin hunturu da gobara takan cinye unguwa guda a dare ɗaya. Malamai sukan kawo alkuki idan suna fassara kalmar «mishkat» ta aya ta 35 a Suratun Nur.

3. Asalin kalmar fitila

Kalmar fitila daga Larabci take, daga «fatila». Ma'anarta a can ita ce zaren da aka murza don a kunna, kuma tushenta aikatau ne da yake nufin murzawa ko tufkewa. Ashe Hausa ta ɗauki sunan sashe ta ba dukan abu. Da sunan zaren ya koma kan fitilar gaba ɗaya, sai gurbinsa ya zama fanko, aka cike shi da wata kalma dabam, lagwani.

Larabci yana da kalmomin da suke nufin fitilar kanta, kamar «siraj» da «misbah», kuma malaman ƙasar Hausa sun san su sarai. Akwai littafin Shehu Usman ɗan Fodiyo mai suna Siraj al-Ikhwan. Amma waɗannan ba su shiga ɗakin uwargida ba. A bakin jama'a sun tsaya ne a matsayin sunayen yanka, Surajo da Misbahu. Wannan yana nuna cewa kalmar fitila ta biyo hanyar ciniki da zaman tare, alhali sauran biyun sun biyo hanyar littafi. Yaɗuwarta ma tana ƙarfafa haka, domin ana samun ta a Zabarmanci da Yarabanci da Bambara, kowane harshe da irin lafazinsa.

A cikin Hausar kanta akwai bambancin karin harshe. Mutanen yamma, daga Sakkwato zuwa Ƙonni da Tawa da Maraɗi, suna cewa hitila, kamar yadda suke cewa hita da hili a inda Kano take cewa fita da fili. Littattafan yaƙi da jahilci na farko a Nijar sun bi lafazin yankunansu, kafin taron daidaita rubutun Hausa da aka yi a Yamai a shekarar 1980. Mai binciken tsofaffin takardu ya kamata ya nemi kalmar a ƙarƙashin haruffa biyu.

4. Zuwan kananzir

Canjin da ya taɓa kowane gida ya faro ne daga nesa. A shekarar 1846 wani masani na ƙasar Kanada, Abraham Gesner, ya nuna man fitila da ya tace daga kwal, shi ne kuma ya raɗa masa sunan da Hausa ta mayar kananzir. A 1853 Ignacy Łukasiewicz ya haɗa fitila mai ƙona man da aka tace daga ɗanyen man ƙasa, a birnin da ake kira Lviv a yau. A 1859 aka haƙa rijiyar Drake a jihar Pensilbaniya ta Amurka, man ya wadata, farashinsa ya karye. Kafin ƙarni na 19 ya ƙare, kananzir ya riga ya zama haja a tashoshin jiragen ruwa na gaɓar Afirka ta Yamma.

Abin da ya kawo shi ƙasar Hausa da yawa shi ne jirgin ƙasa. Dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Kauran Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930. Gyaɗar Maraɗi da ta Damagaram ta waɗannan tashoshi take bi zuwa Ikko, kuma raƙuma da jakuna da motocin da suka kai ta ba su komowa wofi. Kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA da UAC suna shigo da kananzir cikin garwa mai cin galan 4, watau kimanin lita 18, garwa biyu a akwatin katako guda. Ƴan kasuwa su saya su kasa a kwalabe, har ya kai ga mai sayen ɗan abin dare ɗaya. Garwar da ta ƙare kuma ta zama abin ɗiban ruwa da ma'aunin hatsi da mai.

Wannan hanya ita ce ta sa Hausar Nijar, duk da mulkin Faransa, ta karɓi sunayen kayan haske na wancan zamani daga kudu. Kananzir, wanda waɗansu suke cewa kalanzir, da kyandir, da galan, duka daga Ingilishi suke, ashana kuwa daga Yarabanci. Kalmomin Faransanci sun biyo baya ne, ta hanyar makaranta da ofis da barikin soja.

Fitilar talaka ta wannan zamani ita ce aci-balbal. Maƙeran fari da masu lika gwangwani suna yin ta da gwangwanin madara ko na tumatir, su huda murfi su kafa ɗan bututu, a zura lagwani. Sunanta Hausa ce tsantsa, jimla ce guda da aka dunƙule: a ci, bal-bal, kwatancin yadda harshenta yake tashi ba tare da wani abu ya tsare shi ba. Tana da arha, ba ta cin man miya, kuma ita ce ta raya kasuwar dare, ta masu tsire da ƙosai da teburin goro. Aibinta hayaƙi. Wani bincike da aka buga a 2012 ya nuna cewa irin wannan fitila tana mayar da kashi 7 zuwa 9 cikin 100 na man da ta ƙona ya zama baƙin hayaƙi, wanda mai karatu kusa da ita yake shaƙa.

5. Fitilar ƙwai da fitila mai famfo

A ƙarshen shekarun 1860 wani Ba'amurke, John Irwin, ya yi rajistar fitila mai bututu biyu a gefe. Bututun nan suna kai iska ga lagwani ta ƙasa, gilashi kuma yana kewaye harshen wuta, don haka iskar waje ba ta kashe ta, hayaƙinta kaɗan ne, ana kuma iya yawo da ita a hannu. Kamfanin Dietz na Amurka da Feuerhand na Jamus sun yaɗa ta a duniya, daga baya masana'antun Sin suka cika kasuwa da mai arha. Bahaushe ya dubi gilashin, ya ga siffarsa da saurin fashewarsa, ya kira shi ƙwai, fitilar kuma ta zama fitilar ƙwai.

Da ita ne aka fara zaɓen fitila da gaske. Mai saye yana duba kaurin ƙarfen, ko tankin yana yoyo, ko maɗaukakin lagwani yana juyawa sosai, kuma ko ana samun ƙwai irin nata a kasuwar garinsu idan wannan ya fashe. Goge ƙwai da toka da tsumma, da datse bakin lagwani don kada wuta ta yi ƙaho, suka zama aikin yara na kowane maraice. Fitilar ta shiga kayan ɗakin amarya, ta sami wuri kusa da jere. Jeren kansa ya canza a wannan zamani, daga ƙorai zuwa tasoshin tagulla da kwanonin fenti masu walƙiya, ga kuma madubi; waɗannan duka suna karɓar haske su mayar, har ɗakin da fitila ɗaya take ci ya yi kamar an kunna da yawa. Da yake ƙwai ya ɗauke aikin kare wuta daga iska, alkuki ya fara zama ma'ajiyar kwalli da turare, fitila ta koma bisa ƙusa ko bisa tebur. Da ginin siminti mai siririn bango ya yaɗu, magina suka daina barinsa, kalmar ma ta fara ɓacewa daga bakin yaran birni.

Sama da fitilar ƙwai akwai fitila mai famfo. Tushenta wani ɗan tsumma ne da aka jiƙa da sinadarai, wanda Carl Auer von Welsbach na ƙasar Ostiriya ya ƙago a 1885. Ana tura iska cikin tanki da famfo, kananzir ya haura ya zama tururi, tururin ya ƙone a jikin tsumman har ya yi fari fat. Petromax, wadda aka fara yi a Balin a 1910, da Tilley ta Ingila, su ne suka fi shahara, babbar Petromax kuma tana ba da hasken kyandir 500. Tsadarta da yawan cin manta da raunin tsummanta suka sa ba ta zama fitilar ɗaki ba. Wurinta zauren sarki da kantin attajiri da wurin biki da tafsirin azumi, da kuma azuzuwan dare, inda ake bukatar mutum 30 su ga allo guda.

6. Lantarki da hular fitila

Ƙwan lantarkin Edison na 1879 ya daɗe kafin ya iso. Yamai ta fara samun wuta ta jama'a a farkon shekarun 1950, an kafa kamfanin NIGELEC a 1968, a 1976 kuma aka ja layi daga Birnin Kabi zuwa Yamai don kawo wutar madatsar Kainji. Harshe bai ƙago sababbin kalmomi da yawa ba, ya miƙa tsofaffin ne. Lantarki ya gaji sunan wuta, har ake cewa an kawo wuta, an ɗauke wuta, a kuma biya kuɗin wuta. Gilashin da yake haskawa ya gaji sunan ƙwai. Aikatau biyu na murhu, kunna da kashe, suka koma kan makunni na bango. Kusa da waɗannan akwai aro iri biyu: lantarki daga Ingilishi, da kuran da ampul daga Faransanci, waɗanda ake ji a garuruwan Nijar.

Lantarki ya kawo wata matsala da gidan Bahaushe bai saba da ita ba, watau haske ya yi yawa. Ƙwai mai ƙarfin wat 60 ya fi kyandir 60 haske, kuma duk yana fitowa daga wuri guda, yana kashe ido. Turai ta gamu da wannan tun da wuri. Fitilar da Aimé Argand na Janeba ya yi wa rajista a 1784, mai lagwani zagayayye da bututun gilashi, ta ninka kyandir sau 6 zuwa 10, daga nan aka fara ɗora wa fitila abin da zai tare haske daga ido ya karkata shi ƙasa, na takarda ko siliki ko gilashi mai duhu-duhu. Faransawa suka kira shi «abat-jour», ma'ana abin da yake kwantar da haske. A shekarun 1890 kamfanin Tiffany na Niyok ya mayar da shi kayan ƙawa, da gutsattsarin gilashi masu launi.

Hausa ba ta gaji suna ga wannan abu ba, saboda kaskon mai bai taɓa bukatarsa ba. Abin da aka nema a da shi ne a tattala haske. A yawancin gidaje ƙwan yakan rataya tsirara daga rufi, ko kuwa a kafa doguwar fitila fara a bango. Abin ya fara shiga ne ta gidajen ma'aikata da otel-otel, sa'an nan masu sana'ar hannu suka karɓe shi da kayan gida: ƙwarya da aka yi wa zane aka hudahuda, da fatar da dukawa suka jeme, da saƙar kaba. Kowanne da halinsa. Ƙwarya tana fesa ɗigon haske a bango, ta fi dacewa da wurin hira. Kaba tana barin haske ya tsiyayo ta ko'ina. Fata mai kauri tana tura shi ƙasa, abin da mai karatu yake bukata. Dukansu suna iya ƙonewa idan suka matsi tsohon ƙwai mai zafi, don haka akan bar tazara da kafar da zafi zai fita ta sama. Sunan da ya fi sauƙin kama bakin jama'a shi ne hular fitila, domin ya bi hanyar da aka bi wajen raɗa ƙwai: a dubi siffa a ba da suna.

7. Tocila da hasken rana

Layin lantarki bai kai ga yawancin jama'a ba. Ƙididdigar Bankin Duniya ta 2022 ta nuna kusan mutum 1 ne cikin 5 a Nijar yake da wuta, mafi yawansu a birane. Biranen ma sun ga raunin dogara ga layi guda lokacin da Nijeriya ta yanke wuta daga watan Agusta na 2023 zuwa Maris na 2024. A ƙauye, abin da ya karya kasuwar kananzir shi ne tocila. Sunanta daga Ingilishi, abincinta kuma yana da suna biyu, batir a bakin na kudu, pil a bakin na arewa. Ta daɗe tana hannun matafiya da masu gadi, amma cin batirinta ya hana ta zama fitilar ɗaki, sai da aka sami sabon irin ƙwai mai suna LED. Tushensa shuɗin hasken da masana na Japan suka cim ma a farkon shekarun 1990, aikin da ya ba Akasaki da Amano da Nakamura kyautar Nobel a 2014. Irin wannan ƙwai mai wat 10 yana yin aikin tsohon mai wat 60, kuma ba ya zafi sosai.

Nijar tana da tsohon tarihi a fannin hasken rana. An kafa ofishin ONERSOL a 1965, Farfesa Abdu Mumuni Dioffo ya shugabance shi daga 1969, kuma tun ƙarshen shekarun 1960 aka gwada kunna talabijin ɗin makaranta da faifan hasken rana. Da farashin faifan ya faɗi, ya haɗu da sabon ƙwai, sai aka sami ƙaramar fitila da ake shanyawa da rana a kunna da dare, waɗansu har suna cajin waya. Tashar Malbaza ta 2018 da ta Goru Banda ta 2023 suna yin wannan aiki ne a babban mataki.

8. Kammalawa

Abubuwa uku suka fito daga wannan tarihi waɗanda suka shafi aikin ƙamus da littattafan koyon karatu. Na farko, Hausa ta fi son miƙa tsohuwar kalma a kan ƙago sabuwa, kamar yadda fitila da ƙwai da wuta suka nuna. Kalmar da aka tsara a ofis takan rayu ne idan ta bi wannan ɗabi'a. Na biyu, akwai tagwayen aro, batir da pil, kyandir da buji, lantarki da kuran, kuma littafin da za a karanta daga Dogonduci zuwa Damagaram yana bukatar ya kawo duka biyun a karon farko, sa'an nan ya tsaya a kan guda.

Na uku ya fi sauran haɗari. Kalmar «pétrole» a Faransanci kananzir take nufi, alhali takwararta ta Ingilishi, wadda ta ba Hausa fetur, man mota take nufi, abin da Faransanci yake kira «essence». Mai fassara takardar gargaɗi daga Faransanci wanda ya rubuta fetur a inda ake nufin kananzir ya umarci mai karatu ya zuba man mota a fitila ko a risho, man mota kuwa tururinsa yana kama wuta tun kafin a kai ashana ga lagwani. Wajibi ne ƙamus na fasaha ya raba waɗannan biyu da bayani a fili.

Sauran aikin yana wajen tsofaffin kalmomi. Alkuki da ƙyastu da lagwani da aci-balbal suna fita daga amfani tare da kayan da suke nufi, kuma tsofaffin mata da magina da maƙeran da suka san sassan kowace fitila da sunayensu, gari da gari, suna raguwa. Tattara waɗannan kalmomi daga bakinsu, da lafazin kowane yanki da hoton abin da ake nufi, aiki ne da ya kamata a sa cikin shirin binciken karin harshe tun masu su suna da rai.